Gwanin Labarin Yaƙi Ba Ya Gaggawa

Idan an gama kaka, damman gero sun shiga rumbu, dare yakan yi tsawo a ƙauyenmu na ƙasar Dambatta. A irin wannan dare ne ɗan ƙanwata ya zo da wayarsa, wai ranar kasuwa ya biya wurin masu tura fim an zuba masa katun ɗin Japan. "Kawu, da mutum-mutumin ƙarfe ake yaƙin, tsayinsa ya kai mita 18." Na ɗauka wasan yara ne. Na dai zauna a bakin tabarma don kada in gwale shi, yana karanta Turancin ƙasan hoton yana fassara mana.

Gundam 0080 sunan fim ɗin, an yi shi a 1989, kashi shida kacal. An buɗe da faɗa na 'yan mintoci, daga nan sai aka koma kan wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Al, wanda ba shi da hira sai ta soja da makamai. Yaran da suka kewaye wayar suka fara tsaki, ina faɗan yake?

Mai labarin bai kula su ba. Ya haɗa Al da Bernie, sabon soja daga ɓangaren abokan gaba, mai cika baki da yawan waɗanda ya kakkaɓo alhali ƙarya yake. Ya kawo Chris, maƙwabciyar su Al, wadda haɗuwarta ta farko da Bernie sanda ta maka masa don ta zaci ɓarawo ne. Muka yi dariya. Aka sha shayi a gidan su Chris, aka fara 'yar kunya tsakaninta da baƙon. Mu masu kallo mun san ita ce matuƙiyar ƙarfen da aka turo Bernie ya lalata, su biyun kuwa ba su sani ba.

Nan gwanintar take. Mai ba da labari ya riƙe ka da ƙananan abubuwa har mutanen su zama 'yan gidanku, ya kuma sanar da kai abin da su ba su sani ba, ta yadda kowace dariya da suka yi sai gabanka ya faɗi. Da a kashi na farko aka kashe Bernie, soja ɗaya ne ya mutu, mu ci gaba da cin gyaɗarmu. Sai da aka bari muka ga shi da Al suna ta neman kayan gyara suna ɗinke mataccen ƙarfensa, tukuna aka tura shi faɗa da Chris ranar Kirsimeti, don ya tsare garin su Al daga wani bam na nukiliya. Al ya samu labarin an riga an tare jirgin da ke ɗauke da bam ɗin. Ya ruga don ya faɗa wa Bernie, bai isa a kan lokaci ba. Chris ta bar garin ba ta san wanda ta kashe ba, har tana ba da saƙon gaisuwa a kai masa.

Wannan salo ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakana yana cikin Hausawan da Turawa suka kai Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma idan ya ɗauko labarin sai ya kwana uku bai harba bindiga ba. Jirgin ƙasa zuwa Legas, amai a jirgin ruwa, wani abokinsa Bakatsine da ke ɓoye goro a hula yana gutsura kaɗan-kaɗan don ya kai shi Indiya. Mun fi sanin goron nan da sunan kwamandansu. Ranar da labari ya iso inda abokin ya faɗi a daji, jimla ɗaya ya yi, ya ce a miƙo masa buta.

Irin wannan haƙuri yana da tsada. Gundam na farko, wanda Yoshiyuki Tomino ya yi a 1979, kashi 52 aka tsara, amma da masu kallo suka yi ƙaranci aka tsayar da shi a 43. Daga baya ne mutane suka gane darajarsa. Masu fassara da masu shirya fina-finanmu da ke ganin sai an yi duka kowane minti biyar za a riƙe mai kallo, su dubi wannan.

A ƙarshen fim ɗin Al yana kuka a taron makaranta, abokansa na lallashinsa da cewa wani yaƙin zai zo nan gaba. Yaran da suka yi tsaki da farko babu wanda ya tashi, sai da cajin wayar ya ƙare. Idan ka samu fim ɗin, kada ka tsallake kashi ko ɗaya.