Daga Soul zuwa Hiplife: Gadon Rawa a Titunan Nima da Maamobi

Duk wanda zai ba da tarihin kiɗan soul a Accra yakan fara ne da daren 6 ga Maris, 1971, ranar da Ghana ta cika shekara 14 da samun 'yanci. A daren ne aka yi gagarumin wasan Soul to Soul a dandalin Black Star, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Roberta Flack da ƙungiyar Santana suka kwana suna cashewa. Tun kafin nan Geraldo Pino, mutumin Saliyo, ya riga ya koya wa samarin birnin takun James Brown. Daga nan labarin yakan zarce gidajen rawa irin su Napoleon Club na Faisal Helwani a Osu, a tsallake zango, wato unguwanni irin su Nima da Maamobi, kamar babu shi. A ganina wannan tsallakewa kuskure ne, domin da gidajen rawan suka mutu, titi ne ya riƙe gadon, kuma a Accra ba titin da ya riƙe shi kamar na Nima da Maamobi.

Dalilin yana cikin abin da ya faru bayan juyin mulkin Rawlings na ƙarshen 1981. Dokar hana fitar dare ta ɗauki fiye da shekara biyu, tattalin arziki ya durƙushe, aka ɗora haraji mai nauyi kan kayan kiɗa, manyan makaɗa suka watse zuwa Legas da Jamus da Ingila. Waɗanda suka cike gurbin su ne masu yawo da lasifika da faifai da kaset, waɗanda ake ɗauka haya a bikin aure ko suna. Wannan sauyi ya yi wa zango daidai. Nima, wadda Malam Futa ya kafa a farkon shekarun 1930, unguwa ce ta cunkoso wadda gida ba ya ɗaukar taro, saboda haka biki a waje ake yin sa, a kafa rumfa, a jera kujeru, mai kalangu da maroƙi su yi ta wasa mutane ana liƙi. Lasifika ta tarar da fili a share. Faifan soul da funk ya shigo ta nan, hip hop ya biyo sawunsa, yaran da suka tashi a wannan fili kuwa su ne suka haifar da ƙungiyar VIP ta mawaƙan hiplife, wadda ta riƙa cuɗa Hausa da Twi da Turancin titi, har waƙarta Ahomka Womu ta mamaye kyaututtukan waƙa na Ghana a 2004. Wasan Sallafest da suka riƙa shiryawa a Nima lokacin Sallah ma a kan titi ake yin sa.

Wani zai ce soul kiɗan 'yan boko ne masu kuɗin shiga kulob, zango bai da rabo a ciki. A farkon zuwansa akwai gaskiya a nan, amma gado na wanda ya raya shi ne, kuma yawancin kulob ɗin sun rufe tuntuni. Suka mafi nauyi ita ce ta malamai da iyaye, masu ganin rawar zamani baƙuwa ce mai ɓata tarbiyya. Damuwarsu kan shaye-shaye da cakuɗuwar maza da mata cikin dare abin saurare ce, bai kamata a yi mata dariya ba. Sai dai zargin baƙunta ba shi da ƙarfi a unguwar da Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Kotokoli da Mosi suka gina tare, kowa da kiɗan da ya zo da shi. Shi kansa soul, da amsa-amonsa da kirarin mawaƙi a tsakiyar kiɗa, kunnen da ya saba da amshi ba ya jin sa bare.

Abin takaici shi ne wannan tarihi yana bakin mutane kawai. Samarin da suka yi rawa a 1971 yau sun haura shekara 70, kaset ɗin masu lasifika kuma suna ruɓewa a ɗakuna. Ya kamata sarakunan zango da matasan Nima da Maamobi su haɗa kai da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, a naɗi muryoyin waɗannan dattawa da Hausa, a tattara hotuna da faifansu tun suna raye.