Ina Zaurenmu Ya Tafi?

Yau ƙorafi na zo da shi, kuma idan maganar ta yi zafi ku yi mini afuwa, domin ni ma ban fita daga cikin masu laifin ba.

Tsofaffi sun ce sunan garin Kazaure ya samo asali ne daga wasu mafarauta da suka iso wajen, suka ga duwatsu sun kewaye shi, sai ɗayansu ya ce wannan wuri kamar zaure. To, 'yar'uwa, mene ne aikin zaure a gidan Bahaushe? Nan ne baƙon da dare ya yi wa yake shimfiɗa tabarma. Nan falke yake sauke kaya, nan almajiri yake fakewa idan hadari ya taso. Iyayenmu mata ba sa kwashe tuwon dare sai sun ware na zaure, ko da ba su san wanda zai ci ba. Yanzu ki duba sababbin gidajenmu. Katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe, wani ma har da maigadi. Mun rushe zaure, kuma ba mu tanadi wani abu a madadinsa ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne labarin wata tsohuwa a unguwarmu, wadda ba zan ambaci sunanta ba saboda mutuncinta. A daminar 2022, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a Jihar Jigawa, ɗakinta na ƙasa ya zube. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya tilo ya tafi cirani Kudu ba labari. Maƙwabta suka ba ta madafa, wato sai an gama girki an share toka sannan ta shimfiɗa buhu ta kwanta. Gida huɗu ne tsakanina da ita, amma wallahi sai da ta yi wata biyar a haka kafin na sani. Ranar da na je na ce, "Iya, me ya hana ki faɗa mana?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yar nan, da wane bakin?"

Da azumi ya zo aka ja ta zuwa ƙofar gidan wani mai hali da ke rabon sadaka. Tun hantsi suke layi har la'asar, da ƙishirwa a bakinsu. Aka ba ta gero kwano ɗaya da 'yan canji, aka ce ta ɗaga a ɗauki hoto. Ta dawo ba takalmi ƙafa ɗaya saboda turereniya, ta koma madafarta ta kwanta. Allah Ya ba mai bayarwa lada, ban isa in shiga tsakaninsa da Ubangijinsa ba. Amma ina tambaya, wannan rabon me ya canza a rayuwar Iya?

A ganina taimakonmu yana da ciwo uku. Na farko, na lokaci ne. Azumi na wucewa sai a naɗe tabarma, sai ka ce yunwa ma tana tafiya hutu ranar Sallah. Na biyu, gutsi-gutsi ne. Abin da zai gina wa mutum biyar ɗaki sai a yayyafa wa mutum ɗari biyar, don a ce an tara jama'a. Na uku kuma shi ya fi ci mini rai: wanda ya iya layi da roƙo shi yake samu, mai kunya kuwa ta mutu a ɗaka. Bazawarar da aka koro da 'ya'ya uku tana raɓe a ɗakin kishiyar uwa, ba za ki gan ta a layi ba. Haka tsohon da rufinsa ke yoyo a ƙauyukan Roni da Gwiwa, haka ɗan ciranin da ya ƙetaro daga Nijar ta Babura yake kwana a rumfar kasuwa. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna cewa fiye da mutum 80 cikin kowane 100 a Jigawa suna cikin talaucin da ya haɗa da rashin abinci, lafiya, ilimi da muhalli. Bayan nan kuma aka cire tallafin man fetur a 2023, kayan masarufi suka ƙara tashi. Irin wannan rami kwano ɗaya a shekara ba zai cike shi ba.

Alhali kuwa addininmu bai bar mu a duhu ba. Hatsin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, ɗaya cikin goma ake fitarwa, na noman rani da aka sha wahalar ban-ruwa kuma ɗaya cikin ashirin. Kuɗin da suka kai nisabi suka shekara, ɗaya cikin arba'in. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta jera mutum takwas da za a ba, ciki har da wanda bashi ya danne da matafiyin da guzuri ya ƙare wa. Malamanmu na Malikiyya sun halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara guda. A Madina, sahabban da ba su da gida a gefen masallacin Manzon Allah (SAW) suke kwana, su ake kira Ahlus Suffa. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Kin ga ke nan tun farko maganar matsuguni da abu mai ɗorewa ake yi.

Na san masarautun jiharmu, har da ta Kazaure, suna da kwamitocin zakka da ke tattara hatsi da kuɗi suna rabawa, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai fa namiji iyakarsa ƙofar gida, ba ya shiga cikin gidan wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mu mata mu ne masu shiga ɗaki. Mu ke zuwa barka, mu ke zuwa ta'aziyya, mu ke ganin tukunyar da ta kwana biyu ba a ɗora ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta gane haka, shi ya sa ta tura jajinta mata ƙauye-ƙauye suna isa ga mata a gidajensu. To mu me muke yi da abin da idonmu ya gani? Sau da yawa gulma muke mayar da shi.

Bayan abin da ya faru da Iya, mun zauna a ajinmu na Islamiyya muka yi wa kanmu faɗa. Muka haƙura da anko na wani biki, muka haɗa kuɗin da ɗaukar adashi guda. Mazajenmu suka kawo azara da kwano, samarin unguwa suka kwaɓa ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma cikin mako biyu Iya ta koma ɗakinta, ba layi ba hoto. Tun daga nan kowacce takan ware gwangwanin hatsi ranar Juma'a, kuma idan mun ga gidan da abin ya fi ƙarfinmu, sai a kai maganar wajen liman ko mai unguwa a asirce.

'Yar'uwa, ba na ce ki daina kai kunu masallaci da azumi ba. Cewa na yi ki ƙirga gida huɗu dama da gidanki, huɗu hagu, ki tambayi kanki ko kin san inda kowa yake kwana. Ke kuma 'yanmata, idan Allah Ya kai ki ɗakinki, ki roƙi maigida ya bar wa baƙo wuri ko da ɗan ƙarami ne.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa mu zama masu rufa na wasu, amin.