Bombai A Cikin Fim Ɗin Deewaar

Jama'a, in ana hirar finafinan Indiya mu mata waƙa da kwalliya muka fi tunawa, amma ni dai har yau ban ga fim ɗin da ya tona halin gari irin Deewaar na Yash Chopra ba, wanda ya fito a 1975. Garin kuwa Bombai ne, wanda tun 1995 ake kira Mumbai.

Ki duba ta inda aka shigo da mu garin, 'yar'uwa mai karatu. Uwa ce da 'ya'yanta maza biyu, miji ya gudu saboda abin kunya, suka iso ba su san kowa ba, ƙarƙashin gada ya zame musu ɗakin kwana. Ita Nirupa Roy tana dakon bulo a wurin gini, babban ɗan Vijay yana goge takalma a bakin titi don ƙanensa Ravi ya yi makaranta. Da Vijay ya girma, wato Amitabh Bachchan, sai ga shi ɗan dako a tashar jirgin ruwa da lamba 786, inda 'yan daba ke karɓar kuɗi daga guminsu. Wallahi ko mutum bai taɓa taka Indiya ba ya gane garin nan, a ba ka aiki a hana ka mutunci.

Wurin da ya fi taɓa min zuciya shi ne da Vijay ya yi kuɗi ta fasa-ƙwauri ya je ya sayi benen nan da uwarsa ta yi wa dakon bulo, wai ya ba ta. Ta ƙi karɓa. Kuma da zai gana da ƙanen, Shashi Kapoor, wanda ya zama ɗan sanda, ai ƙarƙashin gadar nan suka koma.

Sai dai ƙarshen bai gamsar da ni ba. Ravi ya harbi yayansa, ya mutu a jikin uwarsu, aka ba ɗan sanda lambar yabo. To naji Vijay ya yi laifi, amma karatun Ravi da kuɗin goge takalman wa aka yi shi? Marubutan, Salim da Javed, sun kwashe awa kusan uku suna nuna mana laifin Bombai, da aka zo hukunci kuma Vijay kaɗai suka kama.