Masu Sauraron Numfashin Uwar Garke

Ana jajibirin Babbar Salla, layi kan miƙe a gaban mai tura kuɗi a Sanam, kowa na jiran abin da ɗansa ya aiko daga Yamai ko Legas. In kuɗin suka fito nan take, ba mai tambayar dalili. Dalilin kuwa yana can birni, cikin ɗaki mai sanyi da aka jera manyan kwamfutocin da ake kira uwar garke, da wani gwani da ya kwana yana lura da su.

Yawancinsu Linux ke tafiyar da su, manhajar da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991. Gwanin zai rubuta umarnin top, sai lambobi uku su bayyana a sama: nauyin aiki na minti 1, da 5, da 15. Mutumin Sanam ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don ya san bakin rijiya ran shayar da dabbobi: lambar tana ƙirga masu jan guga da masu jira gaba ɗaya. Takwas a injin mai ƙwaƙwalwa takwas, lafiya lau. Takwas a mai biyu, an yi cunkoso.

Sai dai a Linux lambar ta haɗa har da ayyukan da suka tsaya jiran faifan ajiya, kuma nan ake gane gwani. Ɗan koyo na ganin ta hau sai ya ce a sayo sabon inji. Gwani kuwa sai ya duba da umarnin vmstat da iostat, ya tarar ƙwaƙwalwar na zaune ba aiki, ma'adanar RAM ce ta cika har injin ya koma jibge kaya a faifai, wanda ya fi ta nawa nesa ba kusa ba. Abu ɗaya zai canza, ya sake aunawa, sannan ya taɓa na biyu. Mai gyara biyar a tare ba zai san wanne ya yi magani ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ya san yadda injinsa yake ran da ba komai. Manhajar Prometheus na ajiye masa tarihin watanni, Grafana na nuna masa shi, don haka tun kafin ƙarshen wata, lokacin albashi, ya shirya.

Linux kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ma na ɗaukarta. Samarin Sanam da Filinge, ku fara da top.