Babin Tsibiri: Inda Labaran Soyayyarmu Ke Gyangyaɗi

Duk mai bin labaran da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad ya san wannan babin. An sha wuya, an sha kuka, uwar miji ta sauko, kishiya ta ji kunya. Sai ango ya ce wa amarya ta haɗa kayanta, kada ta tambayi inda za su. Shafi na gaba sun sauka a tsibiran Maldives, ɗakin otal ɗinsu a kan teku, daɓensa gilashi ana hangen kifaye, an barbaɗa furanni a kan gado. A da Dubai ake yayi, yanzu kuwa sai bakin ruwa.

Ba mafarkin nake ƙi ba. Bakano da ke nesa da teku da kusan kilomita 1,000 yana da 'yancin ya yi marmarinsa. Ai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda gasar rubutu ta 1933 ta haifar, labarin tafiya ne. Amma duk garin da Alhaji Imam ya shiga akwai mutane a cikinsa, ga kuma Malam Zurƙe yana jiransa da wata sabuwar tsiya. Otal ɗin marubutanmu na yau kuwa babu kowa. Kaya ne zalla: sunan turare, sunan agogo, jerin abincin da ko marubuciyar ba ta ce mana ga ɗanɗanonsa ba.

Abin haushin shi ne alƙalamin nan ba ya rasa ƙarfi a gida. Ka ba ta gidan yawa a Yakasai ko Koki ka sha kallo. Za ka ji ƙamshin turaren wuta, ka ga lungun da mai ga-ruwa ke raɓawa da kurarsa, ka ji yadda saurayi ke gyaran murya a soro yana jiran a yi masa sallama da budurwa. Da jirgi ya tashi sai idonta ya rufe, hotunan Instagram su karɓi aikin.

Ga abin da ake bari a baya. Maldives ƙasar Musulmi ce. A 1972 aka buɗe wurin shaƙatawar baƙi na farko, kuma yawancin irin waɗannan otal-otal kowanne tsibirinsa daban, nesa da inda 'yan ƙasa ke zaune. Giyar da aka hana a garuruwansu, a can ana sayar wa baƙi. To ka ɗauko amarya daga Dala da mayafinta, ka zaunar da ita kusa da Turawa masu kayan wanka, mai kawo mata shayi ɗan ci-rani daga Bangladesh ya yi mata sallama irin ta addini. Me za ta ji? Kunya, ko sanyin ganin nata? Wannan kaɗai ya isa babi. Ƙasar ma ruwa ke barazanar cinye ta, har a 2009 shugaba Mohamed Nasheed ya yi taron ministocinsa a ƙarƙashin teku don duniya ta waiga. Wadda ta taɓa kwana tana tsoron katangar ƙasa a ruwan Agusta ba za ta rasa abin faɗa kan wannan ba.

Sai dai babban laifin babin ba ƙarancin bincike ba ne. Tsibirin ya zama madadin ban-haƙuri. Mijin da ya yi shafi hamsin yana wulaƙanta yarinya ba ya zama ya ce ya yi kuskure, tikiti yake saya. Ita ma da ta ga teku shi ke nan, magana ta mutu. A Alhaki Kuykuyo Ne, Balaraba Ramat Yakubu ba ta yi wa Alhaji Abdu wannan rangwamen ba: ya kori Rabi da 'ya'yanta, muka ga yadda ta riƙe su da sayar da abinci, muka kuma ga abin da ya biyo shi. Yarinyar da ke karanta labaran yau da ragowar datarta a Ƙofar Mazugal, ana nuna mata cewa kuɗin otal na wanke mari.

Ni dai ina jiran marubuciyar da za ta kai su tsibirin, ta sa amarya ta yi amai a jirgin ruwa, ta ɓata lokaci tana neman alƙibla, sannan da dare, ruwa na bugun ƙasan ɗakin, ta dubi angon ta ce masa ba ta manta ba.