Minti Ɗaya a Hannun Ungozoma

Duk zaman da jariri ya yi a ciki, huhunsa cike yake da ruwa. Iskar da jininsa ke buƙata daga mabiyiya take zuwa, ta igiyar cibiya. Yana faɗowa kuwa sai lamarin ya juya: numfashin farko ya buɗe huhu, jini ya karkata can, 'yar ƙofar da ke tsakanin ɓangarorin zuciya biyu ta rufe. Yawancin jarirai da kansu suke tsallake wannan siraɗi. Gwanintar ungozoma ita ce ta gane wanda ya kasa tun minti ɗaya bai cika ba.

Kafin dangi su gama tambayar "me aka samu?", ta riga ta naɗe shi a busasshen zani mai ɗumi, tana murza kansa da gadon bayansa. Wanda bai sani ba sai ya ce ba ta da tausayi. Nan ko tsane shi take yi, don jariri ba ya iya rawar ɗari ya ɗumama jikinsa, kuma murzawar nan ita ke zaburar da shi ya ja numfashi. Sai ta yar da jiƙaƙƙen zanin, ta kwantar da shi tsirara a ƙirjin uwarsa, ta sa masa hula, ta lulluɓe su tare. In ya yi shiru, ba ta ɗaga shi ta ƙafafu ta mammare shi irin na da. Wuyansa za ta daidaita, ta kifa masa abin hura iska a hanci da baki, tana matsawa, idonta na kan ƙirjinsa ko yana ɗagawa.

A 1952 wata likita a Amurka, Virginia Apgar, ta tsara ma'aunin da ake bi har yau: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi, motsi idan an taɓa shi, da launin jiki, kowanne maki 0 zuwa 2, a minti na 1 da na 5. Ƙwararriya ba ta tsayar da aiki don lissafi. Da kallo take haɗa shi. Ta san tafin hannu da na ƙafa su yi shuɗi-shuɗi a ranar farko ba komai ba ne, amma leɓe da harshe in sun yi haka, akwai magana. Zuciya ta buga ƙasa da sau 100 a minti, ko a ji yana nishi, haƙarƙari na lotsawa, ba ta jiran kowa.

Aikin da ya fi wuya, a ganina, shi ne shawo kan kakanni. Za ta ce a bar wanka sai bayan awa 24, a fasa gashin cibiya da shafa mata man goge baki, a riƙa sa maganin kulohezidin. Ga kuma dakashi, nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ke ɗauke da garkuwar yaro. "Hajiya, a yi haƙuri, a bar shi ya sha," haka take lallaɓawa, har ya kama nono cikin awar farko.