Mahaɗi a gaban alƙali: «da» da «ko» cikin shari'ar gonaki a ƙasar Ƙonni

1. Gabatarwa

A darasin nahawu, mahaɗi ƙaramar kalma ce da ba a cika ɓata mata lokaci ba. A kotu kuwa tana iya raba mutum da gonarsa. Cikin wannan ɗan nazari za mu dubi yadda alƙalai ke fassara mahaɗi, sa'annan mu nuna cewa a yankin Ƙonni, Malbaza da Illela, inda doka ke rubuce da Faransanci amma masu ƙara ke magana da Hausa, fassarar tana farawa ne daga bakin tafinta, tun kafin magana ta kai kunnen alƙali.

2. Abin da kotuna suka saba yi

Wata dokar jirgin ƙasa ta Faransa ta 1917 ta sa «et» a gurbin da bai dace ba, har ya zamana, in an bi lafazinta, an hana sauka daga jirgi sa'ad da ya tsaya cak. A 1930 kotun ƙolin Faransa ta ƙi bin lafazin, ta tabbatar da hukunci kan matafiyin da ya kafa hujja da shi. A Amurka ma, a 2024, cikin shari'ar Pulsifer, alƙalai shida suka rinjayi uku kan ma'anar mahaɗi guda da ya jera sharuɗɗa uku na sassauta ɗauri. Darasin shi ne, mahaɗi ba ya yanke ma'ana shi kaɗai. Sai an dubi jimla da manufar doka. Sai dai a can harshen doka da harshen mai ƙara ɗaya ne.

3. «Ou» cikin dokar karkara

Aya ta 8 ta dokar 93-015 ta 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa ginshiƙan tsarin karkara a Nijar, ta ce ana mallakar ƙasa ta hanyar al'ada «ou» ta hanyar rubutacciyar doka. Tafinta na iya cewa:

(1) ta al'ada ko ta takarda
(2) ko dai ta al'ada, ko kuwa ta takarda
(3) ko ta al'ada, ko ta takarda, duk ɗaya ne

Misali na (1) ya bar ƙofa buɗe kamar Faransancin. Na (2) ya mai da zancen zaɓi, wato hanya ɗaya ta kori ɗaya. Na (3) ya daidaita su. Mu ɗauka manoma biyu na jayayya kan wata fadamar albasa a gefen Galmi: ɗaya na riƙe da takarda, ɗaya da shaidar dattawa cewa ya gada. Wanda ya gada, in ya ji (2), zai iya zaton takarda ta riga ta kashe bakinsa. Alhali aya ta 5 ta wannan doka ta ba haƙƙin al'ada da na rubuce kariya iri ɗaya. A ganinmu (3) ne ya dace da manufar doka, ko da yake ya fi nisa da lafazinta.

4. «Da» cikin maganar shaidu

Haɗarin ya fi girma idan magana ta taso daga Hausa zuwa Faransanci, domin «da» na ɗaukar aikin «et» da na «avec» duka:

(4) Kakana da ƙanensa sun sari dajin.
(5) Kakana ya sari dajin da ƙanensa.

A (4) masu aiki biyu ne, «sun» ya shaida haka. A (5) mai aiki ɗaya ne, ƙanen ɗan rakiya ne ko mataimaki. Tun da saran daji na cikin manyan hujjojin mallaka a al'ada, tafintan da ya juya duka biyun da «et» ya ƙara zuriya guda cikin magada ba tare da ya sani ba. Magatakarda kuma Faransancin yake rubutawa. In an ɗaukaka ƙara, alƙali zai yi ta tankaɗe da rairayar mahaɗin da shaida bai taɓa furtawa ba. Masu ba alƙali shawara kan al'ada suna jin Hausar a zauren shari'a, amma abin da suka ji ba ya bin takarda.

5. Kammalawa

Ba mu ɗora laifi kan tafinta ba. An ba shi aikin masanin nahawu ba tare da horo ba. Abin da muke suka shi ne tsarin da ke ɗaukar fassara tamkar gilashi. Tun da kundin sabunta ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, muna ba da shawara biyu. Na farko, a rubuta jimlar shaida da Hausarta gefen Faransanci duk inda mallaka ko gado ya rataya a kanta. Na biyu, masana shari'a da masana harshe su zauna tare su tsai da fassarar ayoyi irin ta 8, suna la'akari da karin harshen yamma, wanda aikin Bernard Caron na 1991 kan Hausar Adar ya share fagen nazarinsa.